Yadda Ake Bin Sawun Takardun Saye da Kwangilar Masana'antar Fijo, Daga Jos

Akwai gardamar da ba ta mutuwa a majalisar kanikawan Farin Gada da ke Jos. Wani zai rantse cewa fijo 504 a Kaduna aka ƙera ta tun daga bodi har inji. Na kusa da shi zai ce sam, daga Faransa aka kawo komai cikin akwatuna, ɗaure ƙusoshi kawai 'yan Najeriya suka yi. Kowa yana da ɗan'uwan da ya yi aiki a wurin, kowa kuma daga bakinsa ya ji. Abin da zai raba wannan gardama yana cikin takardun sashen saye na masana'antar fijo ta Kaduna: wa aka ba oda, me ya kawo, nawa aka biya shi, yaushe aka daina saye a wurinsa. Jawabin minista da tallan jarida suna faɗin abin da aka yi niyya. Takardar biyan kuɗi kuwa tana nuna abin da ya faru.

Na rubuta wannan jagora ne domin ɗalibin tarihi ko tattalin arziki da ke neman abin rubuta kundin digiri, da ɗan jarida, da magajin da ya tarar da akwatin takardun mahaifinsa bai san inda zai kama ba. Ka fara cire rai daga samun ɗaki guda da aka jera maka komai. Sa'arka ita ce ciniki ɗaya yakan bar kwafi a hannu huɗu ko biyar: mai saye, mai sayarwa, banki, kwastan, wani lokaci har kotu. In na wani ya ɓata, na wani yana nan.

Mataki na farko: san gidan kafin ka yi sallama

An yi wa kamfanin Peugeot Automobile Nigeria, wato PAN, rajista a 1972 a matsayin haɗin gwiwa tsakanin Gwamnatin Tarayya da kamfanin Peugeot na Faransa, kuma masana'antar da ke Kakuri a Kaduna ta fara aiki a 1975 zamanin Janar Yakubu Gowon. Daga nan aka riƙa fitar da 404 da 504, sai 505, daga baya 406. Ba ita kaɗai ba ce a wancan zamani. Akwai Volkswagen a Legas, Steyr a Bauchi nan kusa da mu, Leyland a Ibadan, ANAMMCO mai haɗa manyan motocin Mercedes a Inugu, da NTM a Kano. Duk abin da zan faɗa a nan zai yi maka aiki a kan kowanne cikinsu, amma da fijo zan riƙa misali tun da ita muka fi hawa.

Tsarin aikin shi ake kira CKD: a aiko da mota a wargaje, gunduwa-gunduwa cikin akwatuna, a haɗa ta a nan. A shekarun farko, daidai lokacin da jiragen siminti suka cushe tashar ruwan Legas, jiragen sama na dakon kaya ne ke kwaso kayan daga birnin Liyon na Faransa zuwa filin jirgin Kano, sannan a ɗauko su zuwa Kaduna. Saboda haka sashen saye yana da ƙofa biyu. Ta waje tana hulɗa da Faransa, da kuɗin ƙasashen waje, da kwastan. Ta gida tana hulɗa da masu yin taya, batir, fenti, gilashi, kushin da makamantansu. Takardun ƙofofin nan biyu ba iri ɗaya ba ne, kuma ba wuri ɗaya suke kwana ba.

Riƙe shekarun nan a ka, domin su ne za su fassara maka abin da za ka gani: 1977, dokar mayar da hannun jari ga 'yan ƙasa karo na biyu, 1982, matakan tsuke bakin aljihu na gwamnatin Shagari da suka matse shigo da kaya, 1986, shirin SAP na gyaran tattalin arziki na Babangida da faɗuwar naira, 2006, lokacin da gwamnati ta sayar da hannun jarinta a PAN. Daga baya hukumar AMCON, mai karɓar basussukan da suka gagari bankuna, ta shigo cikin lamarin saboda bashi. Duk inda mallaka ta sauya hannu, takardu ma sukan sauya ɗaki.

Mataki na biyu: zaɓi abu guda

Nan ne yawancin ɗalibai ke yin tuntuɓe. Yaro zai zo ya ce yana son ya rubuta tarihin sayayyar kamfanin baki ɗaya. Mota ɗaya tana da dubban gutsattsari, shekarun kuma sun haura talatin. Zaɓi abu guda da zango guda: batir daga 1978 zuwa 1988, ko taya, ko kujeru. Ni na fi son batir da taya, domin suna da nauyi, kawo su daga waje yana da tsada, don haka su ne irin kayan da ake fara nema a gida. Taya kuma tana da sauƙin bi, tun da Michelin na da masana'anta a Fatakwal, Dunlop kuma a Ikeja, kuma dukansu sun daina yin taya a ƙasar nan a wajejen 2007 da 2008.

Kada ka raina tambaya ƙarama. A Amurka, masu tarihin Ford sun san cewa a 1903 'yan'uwan nan biyu, John da Horace Dodge, su ne ke ƙera masa inji da giya da sauran ƙashin bayan mota, har suka zama masu hannun jari, kafin su ɓalle su fitar da tasu motar a 1914. Daga kwangila da littafin biya aka san haka.

Mataki na uku: koyi jerin takardun

A nan zan daɗe, domin wanda bai san jerin ba zai riƙe takarda mai daraja ya zaci shara ce.

Ciniki yana farawa da takardar buƙata daga sashen haɗa mota ko sito: ana bukatar kaza, adadi kaza, kafin rana kaza. Sashen saye ya nemi farashi daga kamfanoni biyu ko uku, su aiko da nasu tayin. Idan ka samu takardar da aka jera tayin a kanta aka kwatanta, ka yi babban kamu, domin ita kaɗai ce ke nuna waɗanda aka ƙi. Ga sabon mai kawo kaya, akwai zangon gwaji: ya kawo samfuri, injiniyoyi su auna shi da zanen asali, su rubuta rahoton amincewa ko ƙi. Sau da yawa labarin dalilin da ya sa wani abu bai taɓa zama na gida ba yana kwance ne a cikin wannan rahoto.

Sai babbar yarjejeniya, wadda ke ɗauke da sharuɗɗa na shekara ɗaya ko fiye. A ƙarƙashinta ake fitar da oda ɗaya-ɗaya, wadda kowane ɗan kwangila ya sani da sunan LPO. Kaya su taso da webil. Su iso sito, a ƙirga, a rubuta takardar karɓa. Masu duba inganci su ware na banza, su rubuta takardar mayarwa. Mai kaya ya aiko da takardar neman biya, akanta ya haɗa ta da oda da takardar karɓa, in sun yi daidai a rubuta bauca, a fitar da cek.

Ta ƙofar waje kuwa akwai ƙari: takardar farashin farko daga Faransa, lasin shigo da kaya (har zuwa 1986 da aka soke tsarin), Fom M na banki, wasiƙar lamunin banki, takardar dakon jirgi, jerin abin da ke cikin kowane akwati, da takardar biyan kuɗin kwastan. Jerin abin da ke cikin akwati shi ne abokinka. Duk abin da aka koma saye a gida, za a cire shi daga kayan da Faransa ke aikowa. In ka ajiye jerin wata shekara kusa da na shekara biyar bayanta, abin da ya ɓace daga na biyun shi ne ya koma hannun 'yan gida. In ya sake bayyana daga baya, ka san an samu matsala.

Lambobi biyu ne ke ɗinke duk waɗannan takardu: lambar oda da lambar gutsuren mota. Su za ka riƙa bi, ba suna ba. Akawu ɗaya zai rubuta sunan abu da Turanci, wani da Faransanci, wani ya gajarta shi yadda ya ga dama, amma lambar ba ta canzawa sai in an sauya ƙirar abin.

Mataki na huɗu: fara daga gida

Kafin ka kashe kuɗin mota zuwa ko'ina, zaga Dilimi. Tsofaffin dillalan kayan gyaran fijo sukan ajiye littafin lambobin kaya, da tsohon jerin farashi, da rasitai a cikin adaka ko bayan kanta. Waɗannan ba takardun masana'anta ba ne kai tsaye, amma daga gare su za ka samu lambar abin da ka zaɓa da sunan wanda ya yi shi. Wani lokaci tsohon kwalin batir ma ya isa shaida.

Yadda za ka shiga shi ne rabin aikin. Kada ka je da safe lokacin ciniki, kuma kada ka fara da fito da waya. Nemi wanda zai gabatar da kai, ka je bayan la'asar, ka gaisa sosai. Ka ce, "Baba, ni ɗalibi ne, tarihin fijo nake rubutawa, aka ce in ba wurinku ba babu inda zan samu." Zai iya ce maka, "Yaro, me za ka yi da tsummokaran takardu?" Kada ka yi gaggawar ba shi amsa mai tsawo, bar shi ya ba ka labarin a-kori-kurar da ya fara saya. Takardar za ta fito a zuwa na biyu ko na uku. Na taɓa yin sati uku ina zirga-zirga wurin wani dattijo, ranar da ya buɗe adakar muka tarar gara ta cinye rabin abin da ke ciki. Rabin da ya rage ya ishe ni aikin wata biyu.

Haka nan tsofaffin ma'aikatan sashen saye da na sito da suka yi ritaya. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma ƙwaƙwalwa takan haɗe shekaru. Karɓi sunayen kamfanoni da yadda ake aiki daga bakinsu, ka bar kwanan wata da farashi ga takarda.

Sai jaridu. Nigeria Standard ta nan Jos da New Nigerian ta Kaduna da Daily Times duk sun riƙa buga tallan neman 'yan kwangila, da sanarwar ƙarin farashin mota, da rahoton rufe masana'anta idan kaya suka yanke. Duba ɗakin karatu na Jami'ar Jos da reshen Ɗakin Karatu na Ƙasa. In ka samu hanyar shiga na cibiyar nazarin manufofin ƙasa, NIPSS, da ke Kuru, nemi rubuce-rubucen mahalarta kwas kan masana'antu.

Mataki na biyar: Kaduna

Ka bi ta Saminaka da Pambeguwa, ka ware kwana uku aƙalla. Rubuta wa kamfanin wasiƙa tun kafin ka taso, a kan takarda mai tambarin jami'arka ko jaridarka, ka faɗi abu guda da shekarun da kake nema. Wasiƙar da ta ce "duk takardun saye" ba ta samun amsa a ko'ina a duniya. Ka sani kuma kamfani mai zaman kansa yana da ikon ya ce a'a.

Ofishin Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke kan titin Yakubu Gowon ƙarfinsa ya fi yawa a zamanin Turawa da na Jihar Arewa, don haka abin da za ka nema a can shi ne gazet na gwamnati, rahotannin ma'aikatu da tsofaffin jaridu. Gidan Arewa ma haka. Gazet na da amfani fiye da yadda ake zato, domin a ciki ake buga sauyin harajin kwastan, kuma shi ke bayyana dalilin da ya sa farashi ya yi tsalle a wata oda.

Mataki na shida: Abuja

Ofisoshi uku ne. Hukumar rajistar kamfanoni, CAC, da ke Maitama: a nan za ka binciki kamfanonin da ka tsinci sunayensu a kan oda. Yaushe aka yi musu rajista, su wa ke da hannun jari, su wa ne daraktoci, suna raye ko sun mutu. Yanzu ta intanet ake fara neman, a biya kuɗi, a karɓi kwafi mai hatimi. Wannan bincike ne zai nuna maka ko mai kawo kaya masana'anta ce ta gaske ko kuwa ɗan kasuwa ne mai shigo da kaya ya sake musu kwali.

Hukumar BPE ita ta gudanar da sayar da kamfanonin gwamnati, kuma kafin a sayar da kowane kamfani akan tattara bayanin kadarorinsa da basussukansa domin masu son saye. Jerin waɗanda ke bin kamfani bashi, in ka lura, jerin masu kawo masa kaya ne. Sai hukumar NADDC mai kula da harkar ƙera motoci, wadda ta gaji majalisar motoci ta ƙasa da aka kafa a 1993.

Ga hukumomin gwamnati kana da makami: Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba su kwana bakwai su amsa. Rubuta buƙatarka a taƙaice, kai ta da hannunka, ka sa a buga maka hatimin karɓa a kan kwafinka. Dokar ta ba su damar hana abin da ya shafi sirrin kasuwancin wani, saboda haka ka nuna a wasiƙar cewa takardun shekara talatin ko arba'in kake nema. Zuwa da kai ya fi aike. Ka koma bayan sati biyu da kwafin a hannu.

In ka ji an taɓa yin shari'a tsakanin masana'anta da mai kawo kaya, bi ta wurin rajistaran kotun. Lauyoyi sukan manna yarjejeniya da oda da wasiƙu a matsayin shaida, sai ka tarar da fayil ɗin da ya ɓata a kamfani yana zaune lafiya a kotu.

Faransa kuwa ba sai ka je ba. Tsofaffin takardun Peugeot suna cibiyar adana ta Terre Blanche a garin Hérimoncourt, kusa da Sochaux. Aika musu imel da Faransanci. Wani a sashen harsunan waje na jami'a zai taimaka maka.

Mataki na bakwai: ɗauka da rajista

Nemi izini kafin hoto. Ɗauki bangon fayil tukuna, sannan kowane shafi gaba da baya, domin a bayan takarda ake samun hatimin sito da ɗan rubutun manaja da jan biro. Kada ka sauya jerin takardun, kada ka cire ƙusar da ta yi tsatsa da ƙarfi. Fara da takardun faks, su ne rubutunsu ke gogewa. Kwafin kabon mai dishi-dishi kuma ya fi fitowa in haske ya zo masa daga gefe.

A daren ranar, ba gobe ba, shigar da komai cikin jadawali a kwamfuta: kwanan wata, irin takarda, lambar oda, lambar kaya, mai sayarwa, adadi, farashin ɗaya, irin kuɗi, inda ka same ta, lambar hoto. Sunan mutum da adireshin gidansa su tsaya a littafinka, kada su shiga abin da za ka wallafa sai da yardarsa ko ta iyalinsa.

Mataki na takwas: karatu

Takarda marar kwanan wata tana faɗin shekarunta in ka iya tambayarta. In da fam da sule aka rubuta kuɗin, kafin Janairun 1973 ne, kuma fam ɗaya naira biyu ce. Adireshin da ya ce Jihar Binuwai-Filato ko Jihar Arewa ta Tsakiya an buga shi kafin 1976, ko da yake kamfani kan ci gaba da amfani da tsohuwar takarda har ta ƙare. In ka ga harajin VAT na kashi 5 cikin ɗari, daga 1994 ne zuwa farkon 2020. Farashi da faran na Faransa ya gabaci zuwan yuro.

Babban tarko shi ne kwatanta naira da naira. A 1980 naira ta fi dala daraja, dala ɗaya ba ta kai kwabo 60 ba. Bayan buɗe kasuwar musayar kuɗi a Satumban 1986, dala ta koma wajen naira huɗu. Don haka in ka ga farashin batir ya ninka sau uku, kada ka yi saurin cewa ɗan kwangila ya yi zalama. Duba sharaɗin sauya farashi a yarjejeniyar, ka duba kashi nawa na kayan aikinsa yake shigowa da su. A cikin yarjejeniyar, bayan farashi, karanta wa'adin biya, da tarar jinkiri, da wanda ya mallaki injin buga ƙirar kayan. Wannan na ƙarshe mutane kan tsallake shi, alhali shi ke nuna wanda ke riƙe da wuyan wani.

Sannan ka jera takardun oda ɗaya kusa da juna. A ce, don misali kawai, oda ta nemi batir 500, sito ya karɓi 420, masu duba inganci suka mayar da 35, aka biya kuɗin 385 bayan wata biyar alhali yarjejeniya ta ce kwana talatin. Wanda ya karanta oda kaɗai zai rubuta 500. Kai kuwa ka samu tambayoyi uku: me ya hana 80 zuwa, me ya lalata 35, me ya riƙe kuɗin. In irin wannan giɓi ya yi ta maimaituwa a shekara guda, koma jaridun shekarar ka ga abin da ke faruwa da lasin da kuɗin waje.

In ka zo lissafin kason kayan gida, wanda shi ne asalin gardamar Farin Gada, faɗi ma'aunin da ka yi amfani da shi. Ƙirga yawan gutsattsari yana ba da amsa daban da ƙirga darajarsu, domin roba ɗari ba ta kai kuɗin akwatin giya ɗaya ba. Wasu kuma sukan zuba albashin ma'aikata da kuɗin wuta cikin lissafin don adadin ya kumbura. Ka kuma bi kayan gidan taki ɗaya baya: falankin ƙarfen da aka lanƙwasa ya zama salansa, daga ina ya zo? Masana'antar mulmula ƙarfe ta Jos, da takwarorinta na Katsina da Oshogbo, rodin gini da waya suka riƙa fitarwa, ba falankin bodin mota ba. Saboda haka ka ware gurbi biyu a jadawalinka, ɗaya na abin da aka saya a Najeriya, ɗaya na abin da aka yi da kayan Najeriya, ka cike kowanne daga bauca da takardar karɓa ta sito.